Talatar da na binne Pascal a gaban Malam Ilyasu

Akwai wata Talata da har gobe ba ta fita raina ba, kuma ku sababbin malamai nake so ku ji ta. Saura mako uku rantire, wato komawar ɗalibai daga babban hutu. Lokacin shekarata biyu da dawowa daga karatun dokta, kaina cike da iska, ina koyarwa a sashen ilimin ordinatar, wato kwamfuta, na jami'armu.

Ga wanda ba ɗan sana'a ba: ordinatar ba ta jin Hausa, ba ta jin Faransanci, tana da yarukan da ake rubuta mata umarni da su. Yaren da aka fara koya wa ɗalibi shi ke sa ya so aikin ko ya gudu. Mu Pascal muke koyarwa a shekarar farko, kuma darasin na Malam Ilyasu ne, wani dattijo Badamagare da ya fi shekara ashirin yana riƙe da shi. Ni kaina a hannunsa na fara. Shekara ɗaya ta rage masa ya ajiye aiki.

Ni kuwa Python nake so, kuma ina da hujja. Yawancin ƴan shekarar farko daga Maraɗi, Tawa da Damagaram suke zuwa, wasu ba su taɓa dafa ordinatar ba. Ɗakin injinanmu bai isa kowa ba, ga kuran, wutar lantarki, yana zuwa yana tafiya. Amma kusan kowa na da salula a aljihu, kuma Python na aiki a kanta. Yaro zai iya gwada abin da ya koya yana zaune a ɗakinsu a unguwar Bobiyel.

A ƙa'ida, canza darasi sai taron malaman sashe ya amince, shugabar sashe ta tsara jadawali, dwayen, shugaban fakilte, ya sa hannu. Wannan ita ce ƙa'idar takarda. Akwai wata da ba a rubuta ba: kafin ka kawo maganar da ta shafi darasin wani babba, kana zuwa gidansa ku gaisa, ka faɗa masa, ya ji daga bakinka. Na sani sarai, amma na ce ni ɗan zamani ne, hujja ta isa.

Ranar taron na kunna majigi na yi ta zuba. Da na ga ana gyaɗa kai, sai baki ya kwashe ni. Na ce, “Pascal ya mutu tuntuni, mu kaɗai muka ƙi binne shi.” Wasu suka yi dariya. Malam Ilyasu bai yi ba. Madam Rakiya, shugabar sashe, ta ce, “Malam, me ka gani?” Ya ce, “Yaro ya yi magana. A ɗaga hannu.” Aka ɗaga, na ci. Shi ma ya ɗaga nasa, sannan ya ce tunda haka ne a ba Dokta Haruna darasin, shi a nema masa wani abu.

Washegari Madam Rakiya ta kira ni biro, wato ofishinta. Ba ta ko ce in zauna ba. Ta ce, “Haruna, ka san abin da ka yi? Abin da ya rage a jadawali koyar da buga wasiƙa ne ga ƴan wani sashe. Da shi malaminka zai rufe aikinsa.”

Na yi kwana biyar ina jan ƙafa don kunya. Ranar Lahadi bayan la'asar na tafi gidansa a Harobanda. Na same shi kan tabarma gindin dalbejiya, ya karɓe ni kamar ba abin da ya faru, ya sa aka kawo ruwa. Na fara kame-kame. Ya shiga ɗaki ya fito da wani littafi mai kauri, irin wanda ake sayarwa a kasuwar Katako, ya miƙo mini. Na buɗe. Darasin shekarar farko ne gaba ɗaya, mako-mako, da rubutun hannunsa, kuma duk da Python.

Na ce, “Malam, wannan fa?”

Ya ce, “Shekara guda ke nan ina koyo a salular ƴata. Kana tsammani ban ga yaran nan na layi a ƙofar ɗakin injina ba? So na yi in koyar da shi sau ɗaya kafin in tafi. Na ji kana shiri, na zauna ina jira ka zo mu kai maganar tare. Kullum na ji babur a ƙofa sai in ce kai ne.”

Ni da gemuna, hawaye suka zubo mini. Na ce gobe zan je a mayar masa da darasinsa. Ya yi murmushi ya ce, “Kala suru, ɗana, in ji maƙwabtanmu Zabarmawa. Sai haƙuri. Je ka gwada.”

Na gwada. Litinin da sassafe ina biron Madam Rakiya, amma dwayen ya riga ya sa hannu tun Jumma'a, an liƙa jadawali, an raba wa ɗalibai. Da na je gidan Malam tun Laraba da an gyara. A taro na gaba na miƙe na nemi gafararsa a gaban kowa, ya ce ya yafe, kuma na san ya yafe ɗin. Sai dai bai sake shiga ajin ƴan shekarar farko ba har ya ajiye aiki.

Zaɓen Python daidai ne, ɗalibai sun amfana, ba na musu. Amma a aikin nan kowane darasi akwai mutumin da ya zuba rayuwarsa a ciki, kuma ba a majigi ake ganinsa ba. Saboda haka in kuna da sabon abu, ku kawo, muna so. Ku dai fara tambaya darasin na wane ne, ku je gidansa tukuna. Daga ƙofar sashenmu zuwa gidan Malam Ilyasu bai fi minti goma a babur ba, ni ban je ba kafin taron.