Zomon kakannina biyu

Jiya ina yi wa jikata tatsuniya, ta katse ni: "Zomon ya tsira?"

Sai na tuna da kakannina biyu.

A shekarun saba'in, kakata ta wajen uba manomiya ce a Gagarawa. A bakinta, zomon da ya ci waken gona duka yake sha. Ta wajen uwa Bafulatana ce a Sule Tankarkar, nata zomon kullum tserewa yake.

Na tambaye ta dalili. Tana kaɗa nono ta ce, "Tambayi waccan, wa ya shuka wake a burtalin shanu?"

Ashe a daminar shekarar shanunsu sun shiga gonarmu, tsofaffin ba sa gaisawa.

Na ce wa jikata, nawa zomon ya tsere, amma wutsiyarsa ta rage a hannun manomi.

Ku a gidanku yaya ya ƙare?