Yadda Na Goge Muryar Uwar Yarana

Assalamu alaikum, Edita. Bari in fara da abin da mutanen Gaya suka riga suka sani, kada wani ya riga ni faɗa: ni wawa ne, kuma irin wawan nan mai ganin kansa gwani. Boko ban yi ba sai ɗan yaƙi da jahilci, don haka a yi haƙuri da rubutun. Noman gyaɗa nake yi, amma a lokacin da abin nan ya faru an fi sanina da abu biyu, taɓe-taɓe da kwaikwayo. Ba tocila ko rediyon da zai shigo hannuna ban kwance shi ba, kuma ba wanda zai yi magana a gabana ban ɗauke muryarsa ba. Ladanin unguwarmu, kwandastan motar Kano, mai tallan maganin basir, duk ina yin su a majalisa har mutane su riƙe ciki. Uwar yarana, Allah ya jiƙanta, takan ce hannuna da bakina ne ajalina. Ashe ba ni za su kashe ba.

Ta rasu autarmu tana tatata. Babbar 'yata, wadda take koyarwa a firamare, ita ta ɗauki yarinyar ta riƙe a gidan aurenta. Ni kuwa na ci gaba da shashancina. Wata damina na sayi irin rediyon nan mai ramin filashi, wato ɗan abin nan kamar yatsa da ake zuba wa'azi da waƙoƙi a ciki. Kowa a majalisa yana da nasa, ni sai rediyo ba filashi, suna ta yi mini tsiya wai na sayi turmi ba taɓarya. Ran nan ina neman almakashi a akwatin marigayiya sai na ji wani abu a ƙulle a bakin ɗankwalinta. Na kwance, sai ga filashi, an ɗaura masa jan zare. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa me ya kawo wannan abu cikin ɗankwalin mamaciya. Ni ce wa kaina na yi Allah ya kashe ya ba ni.

Na cusa shi a rediyo, shiru. 'Yar fitilarsa tana ƙyaftawa amma ba sauti. Daga baya na ji cewa hotuna masu motsi ne a ciki, rediyo kuwa ba ya karanta su. Wato lafiyarsa ƙalau, ni na kama yi masa jinya. Na hure shi, na buga shi a tafin hannu kamar batir. Na kankare bakinsa da reza yadda nake yi wa fulogin babur. Da ya ƙi, na ɗiga masa fetur na shanya shi a kan kwano. Kowane magani na ba shi sai in mayar da shi rediyo in fizge, har fitilar ta fara yin sama-sama kamar numfashin mara lafiya. Ga shi kuma na riga na cika baki a majalisa cewa gobe za su ji waƙoƙin da ba su taɓa ji ba.

Ranar kasuwar Ajingi, bayan na sauke gyaɗata, na kai shi shagon wani mai tura waƙoƙi. Ya sa a kwamfuta, ta yi ƙara alamar ta ji shi, amma ta ƙi nuna shi. Ya canza rami, ya gwada a wata kwamfutar, ya shinshina ya tambaye ni ko a tankin babur nake ajiye shi. Can dai abin ya fito, da wani rubutu wai sai an goge shi kafin ya yi aiki. Mutumin nan bai cuce ni ba, ko gaban Allah zan faɗa. Ya ce mini, Baba, akwai kaya a ciki, hanyar shiga ce ta lalace. Ya ce in da abu mai muhimmanci in daina cusa shi ko'ina, in kai Kano wurin masu ciro irin wannan. In aka goge ma, wai akan yi sa'a, amma in aka zuba sabon abu a kai to an binne na da. Ya tambaye ni ko filashin nawa ne ko na wani. Ya sake tambaya. Ni kuwa kunyar in ce a akwatin matata na ɗauka ta kama ni, ga dariyar da ke jirana a majalisa. Na ce nawa ne, tarkace ne a ciki, ya goge ya cika mini shi taf. Har kwaikwayon muryarsa na yi masa, mutanen shagon suka yi ta dariya. Ya danna.

Na yi watanni ina yawo da rediyo a wuya. Sai wata Juma'a babbar 'yata ta zo da auta, da kwamfutar da ta aro a wurin aiki. Ta gaishe ni ta wuce ɗakin uwarta. Na ji ana zazzage akwati. Ta fito da ɗankwali a hannu, idonta ya sauka a kan jan zaren da ke lilo a jikin rediyona, kalangu yana tashi. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta zauna a bakin rijiya ta gaya mini abin da ke ciki. Kakar ƙarshe kafin ciwo, ta ɗauki uwarta a waya tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, auta a goye, tana yi mata waƙar reno, tana kuma yi mini faɗa don na kwance agogon bango. An sace wayar a mota, saura wannan kaɗai da ta kwafa ta adana a akwatin uwarta. Auta ta fara tambaya yaya muryar uwarta take, shi ne ta kawo ta ta ji a ɗakin da aka haife ta. Na ce me ya sa ba ta taɓa gaya mini ba? Ta ce saboda ta san hannuna.

Ta kai shi Kano. Suka ce da an tsaya a fetur da reza ma da sun gwada, amma waƙoƙina sun hau kan komai. Ta aiko mini da shi a cikin leda, ba saƙo. Har yau tana gaishe ni, tana aiko da abinci, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Amma in na shiga gidanta ina ganin yadda take kawar da wayarta daga kusa da ni, kamar an shigo da akuya.

Abin da na koya ba shi da daɗi. Rashin sani bai kashe muryar nan ba, don an sanar da ni ƙarara. Ƙarya ce ta kashe ta, 'yar ƙaramar ƙarya don kada tsofaffi irina su yi mini dariya. Don haka wanda filashinsa ya ƙi buɗewa, ya cire hannunsa, ba fulogi ba ne. In kwamfuta ta ce a goge, a ce mata a'a sai an san abin da ke ciki. Abin da ba ka da na biyunsa, ka yi masa na biyu tun yau. In kuma aka tambaye ka naka ne, ka faɗi gaskiya ko da kasuwa duka za ta yi maka dariya.

Na daina zuwa majalisa. A Juma'ar nan da suka zo da yayarta, da za su tafi, auta ta dawo daga zaure ta tsaya a gabana. Ba da gatse ta faɗa ba, da iyakar gaskiyarta take. Ta ce, “Baba, an ce ba muryar da ba ka iya ba a garin nan. To ka yi mini ta Innata mana.”