Saniyar Zinariya da Manzon Alƙali

Ɗantsoho manzon alƙali ne a Gumel, farkon zamanin Turawa. Ba ya yanke hukunci. Nasa dai tafiya. Kafin ranar shari'a yakan iske masu ƙara har gida, ya sa kowa ya faɗi shaidunsa, ya nuna abin da ake rigima a kai, don kada a shammaci wani a gaban alƙali. Sau da yawa ruwan sha ma ba a ba shi.

Bayan babbar yunwa, waɗanda suka gudu suka fara dawowa. Cikinsu har da Zinariya, wata gwauruwa 'yar garin Sule Tankarkar, wadda ta bar wa maƙwabcinta Hudu amanar saniya. Hudu ya ce saniya ta mutu. Da aka nemi waɗanda suka ga mushen, sai ya yi gum. Alƙali ya aika masa: ko ya faɗi shaidu ya buɗe garkensa kafin zama, ko a ƙi sauraronsa.

Aiken ya yi wa Ɗantsoho nauyi, domin a gidan Hudu iyalinsa suka fake lokacin yunwar. Ya same shi a gindin rumbu yana tufkar igiya.

"Yaya Hudu, ka faɗa mini sunayensu in koma. Shirun nan zai kayar da kai."

Hudu ya ajiye igiyar. "Ba mutuwa ta yi ba, yanka ta na yi. Shaidun kuwa su ne suka ci naman. In jera sunayen mayunwata a gaban jama'a? Har da 'ya'yanka, Ɗantsoho."

Ɗantsoho ya zauna a ƙasa. Can Hudu ya kai shi garke, ya nuna masa karsanar da saniyar ta bari.

Ɗantsoho ya koma ya faɗa wa alƙali komai, ya sa sunan kansa a farkon shaidu. Ya kuma je ya gaya wa Zinariya, kamar yadda aikinsa yake. Ta yi kuka, ta ce karsanar ta ishe ta, ba sai an zauna ba.

Hudu bai sake sakar wa Ɗantsoho fuska ba sai bayan shekaru. Shi kuwa ya ci gaba da tafiye-tafiyensa tsakanin Gagarawa da Maigatari har gwiwoyinsa suka gaza, ya koma saƙar tabarma a ƙofar gida.