Waɗanda Suka Miƙa Littafi

Kakata ta wajen uwa, Iya Ladi, Kirista ce, mu kuwa jikokinta Musulmi, kuma hakan bai taɓa hana ta murɗe mana kunne ba. In mun je hutu ƙauyensu a ƙasar Malumfashi, da an ci tuwo sai mu kewaye murhu tana gasa mana gyaɗa a toka. Gizo da Ƙoƙi ba su dame ta ba. Ta fi son labaran da ta ji a makarantar mishan, don a cewarta su sun faru.

Wanda ya zauna mini shi ne na Kiristocin arewacin Afirka a zamanin Rumawa. Sarki ya kafa doka kowace majami'a ta miƙa littattafanta a ƙone. Wasu limaman suka ƙi, aka kashe su. Wasu tsoro ya kama su, suka miƙa.

Da ƙura ta lafa sai rigima ta koma cikin gida. Ɓangare ɗaya suka ce hannun da ya miƙa littafi ya ƙazantu, duk wanda ya yi wa baftisma sai an sake masa. Ɗaya ɓangaren suka ce baftisma ta Allah ce, limami ɗan aike ne kawai, in ya tuba a karɓe shi. Gari ɗaya, majami'a biyu, sama da shekara ɗari. Iya ta ce har mai burodi aka hana ya gasa wa mutanen wancan gefe.

Ni da bakina kamar reza na ce, "Iya, ai masu korar su ne da gaskiya. Ni ko yanka ni za a yi ba zan miƙa ba."

Ta turo mini gyaɗa da tsinke. "Sannu, jaruma. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Masu korar kam kar ki ga laifinsu, su suka binne 'yan'uwansu. Amma matsoracin nan, shi ma a garin zai kwana. Ina za a kai shi?"

Korona ta same ni a ƙasar waje, a unguwar Setapak, a bene hawa na tara, maigidana yana digiri na uku, ni kuma da ciki wata bakwai. Ƙofarmu na kallon ta Maman Hanif, Bakanuwar da ta nuna mini hanyar kasuwa lokacin ina baƙuwa. Wata safiya ta buga mana ƙofa. Numfashin mijinta ya sarƙe, motar asibiti na jira a ƙasa, tana so in riƙe mata Hanif, ɗan shekara biyu, ta bi su.

Ban zare sakata ba. Ta bayan ƙofa na ce, "Don Allah ki yi haƙuri, kin san condition ɗina." Ta koma ciki da ɗanta. Aka tafi da mijin shi kaɗai, kwana shida ya rasu.

Matanmu 'yan Najeriya suka rabu biyu a kaina. Wasu suka ce mai ciki tana da uzuri, wasu suka cire sunana daga masu kai abinci gidan takaba. Ban ga laifinsu ba. Kunya ce ta ishe ni, har sharar gidanmu sai maigida ke fitarwa don kar mu haɗu a bakin lif. Iya ta daɗe da rasuwa, amma a watannin nan na gane ba mai gaskiya take nema mana ba. So take mu san cewa mai tsoro da wanda ya yi rashi dole su ci gaba da zama ƙofa da ƙofa.

Ana jibi Maman Hanif za ta koma gida Najeriya, bayan ta fita takaba, na bar jaririyata wajen babanta na je na yi sallama. Ta buɗe, ta daɗe tana kallona.

"Kar ki ɗauka na huce," ta ce. "Ban huce ba. Riƙe mini shi, in gama ɗaure kaya."

Na ɗauki Hanif. Ya ƙara nauyi, ya kuma manta ni, sai kuka yake yana miƙa hannu wajen uwarsa. Ban sauke shi ba har ta rufe akwatin ƙarshe.