Madubin da Na Miƙa wa Liman

Mahaifina wanzami ne, ya yi shekara da shekaru yana gyara gemun dattawan Zongo a ƙofar gidanmu a Lome. Ba ya ba kowa madubi. Ka zauna a tabarma, ya ja fatar kuncinka da babban yatsa, ya sauko da aska daga gefen kunne zuwa gefen baki sau ɗaya tak, ya juya ka ya yi wa ɗaya kuncin. Ka tashi ka yi tafiyarka, ka yarda da hannunsa. Neman madubi a wurinsa cin fuska ne, kowa ya sani.

Ni kuma ina da shagon aski a unguwar Amutive. Na haura arba'in, amma da ya hango ni sai ya ce, "Ga mai yankan ciyawa ya iso," don da inji nake aski. Dattawa su kwashe da dariya. Na daɗe ina haɗiye wannan, kuma ban taɓa yafewa ba.

Da idonsa ya fara rauni, sai layin gemu na hagu ya riƙa sauka ƙasa da na dama. Ya rage na dama don su daidaita, ya zarce, ya koma hagu. Mutane suka janye ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya faɗa masa dalili. Limamin masallacinmu kaɗai ya rage masa, duk safiyar Juma'a.

Wata Juma'a na tarar Baba ya cinye gemun Liman, saura ɗan siriri kamar igiya a haɓa. Bawan Allah bai sani ba, sai sa masa albarka yake yi. Na ciro madubi daga jakata na miƙa masa.

"Allah gafarta Malam, a duba kafin a hau mumbari."

Liman ya daɗe yana dubawa. Ya ja rawani ya rufe haɓa, ya sa takalmi ya tafi.

"Me ya gani?" in ji Baba.

"Aikinka ya gani, Baba. Sefini, ta ƙare, ka ajiye askar nan haka."

Na ji daɗi a ranar, ba zan ɓoye ba.

Juma'ar da ta biyo baya Baba ya shimfiɗa tabarma, ya wasa aska, ya zauna har aka kira salla. Da na zo wucewa ya ɗago kai, ya tambaye ni ko Liman ba shi da lafiya ne. Na ce masa lafiyarsa ƙalau, ɗazun nan ya tashi daga kujerata.