Sodangi Mai Kife Buhu

A kasuwar albasa ta Boɗinga, in ka ji dillali ya ce wa 'yan dako, "Ku zazzage kawai, kar ku wahalar da kanku," to Sodangi ne ya iso. Shekara talatin da ɗoriya yana noman albasa, yana saye yana ajiyewa, bai taɓa sayen buhu don kyan bakinsa ba. Kowa ya san manya ake ɗorawa a sama. Shi sai an kife buhun ya tsuguna, ya latsa na gindi, ya shinshina. Bai yi boko ba, amma tambaya gare shi kamar alƙali. Ya taɓa tsayar da mai gyaran injin ban ruwa wuni guda don ya ga inda fetur ke bi.

Bara albasa ta yi daraja, Sodangi ya samu rarar da bai taɓa riƙe irinta ba. Ɗansa Haliru, wanda ya gama karatun kwamfuta a Sakkwato shekara uku ke nan ba aiki, ya matsa a zuba rarar nan duka a hannun jarin wani sabon kamfanin fasaha. Sodangi ya ce sai ya yi shawara. Ya aika aka kira amininsa Na'Allah, tsohon malamin gona daga Shagari, wanda tun da ya yi ritaya ba ya wuce labarin kasuwanci a rediyo.

Su uku suka zauna gindin dogonyaro bayan la'asar, Na'Allah ya ce shi kamfanin waya ya fi kwanta masa a rai.

"To, mai kunnen rediyo," in ji Sodangi, "mi kamfanin waya ka sayarwa? Iska?"

"Iskar da kaka saye kullum ka kira dillalan Aliero," in ji Na'Allah. "Dibi samarin ga na bakin tasha. Ba wanda ad da aiki, amma kowa kai duƙe ga waya. Rashin aiki na ƙaruwa, data na ƙarewa."

"Wanda bai da aiki, da mi ya ka sayen kati?"

"Da kuɗɗin ubanai. Tambayi Haliru."

Haliru ya sosa ƙeya. Sodangi ya yi dariya, sannan ya koma kan kamfanonin mai. Na'Allah ya ce waɗannan ba su faɗuwa, tunda ko ƙarfen sabis na waya da man dizal yake kwana. Sodangi ya girgiza kai. A fadamar Mandera, maƙwabtansa uku sun jingine injin fetur sun koma famfon hasken rana, na huɗu yana tambayar farashi. Abin da ya gani da idonsa ke nan, ya ce a ajiye maganar mai tukuna.

"Baba, duk waɗannan tsofaffin hannu ne," in ji Haliru, ya miƙa waya. "Dubi wannan. Layin nan farashi ne. Tun da aka fara sayarwa hawa yake yi."

Sodangi ya riƙe wayar nesa da ido, ya daɗe yana kallon koren layin.

"Wanga bakin buhu na. Kihe min shi."

"Ba a kifewa, Baba."

"A ja shi baya. Nuna min shekarar da ya sha kashi."

Haliru ya ja, ya ja, layin ya ƙare. Kamfanin wata shida ke nan da shiga kasuwa.

"Bai ga damina ba ke nan," in ji Sodangi. "To kawo na wayar."

Wannan layin ya yi tsawo. A tsakiyarsa akwai wani rami mai zurfi, inda farashin ya zube, ya daɗe a ƙasa, sannan ya rarrafo. Haliru ya so ya wuce wurin da sauri, uban ya dafe masa yatsa. Me ya jawo? Na'Allah ya ce shekarar da naira ta karye ce. Mutane sun daina kira? Ba su daina ba. Nawa ya zube? Wajen kashi ɗaya cikin uku.

Sodangi ya gyara zama, fuskarsa ta saki.

"Albasa ma haka taka yi ga rumbu. Ka aje buhu uku, ka kwashe biyu, in ka yi haƙuri biyun su biya ka. Wanga na san halinai. Naka kuwa, Haliru, buhun da babu ruɓaɓɓiya ko guda, ko an shirya shi, ko ba a daɗe da cikawa ba."

Wani kaso na rarar ya yarda a saya masa hannun jarin kamfanin waya, bayan an tambayi malami halaccinsa. Sauran ya ce na iri ne da taki. Kamfanin fasaha kuma a bar shi ya shekara biyu, Haliru ya riƙa duba masa shi duk ranar kasuwa.

Na'Allah ya zaro tasa wayar, ya miƙa wa Haliru a hankali.

"Ɗana, nawa hannayen jarin ma kihe min su. Shekara huɗu ina kallon baki."

Haliru na cikin ja, Sodangi ya leƙo ta kafaɗarsa.

"Wai shi hannun jarin ga, ina rumbunsa yake? Wa ka juya shi kar ya yi zahi?"