Ruwan da Ke Cikin Wake

Likita a Jega ya ce ina da ciwon suga, ya rubuta mini nauyin dafaffen waken da zan riƙa ci. Da kaina na karanta takardar, albarkacin ajin yaƙi da jahilci. Ɗiyata ta auna kwano ɗaya a sikeli, ta ce kullum a cika shi kawai. Hankalina bai kwanta ba, sai marigayiya Inna ta faɗo mini a rai.

Inna ba ta yarda da wake in ya dahu. Wata shekara a Aliero tana dafa wa masu dashen albasa, na ɗora kwanonta a sikeli ina tsokanarta. Ta karkata shi, ta danne da bayan ludayi, romo mai tururi ya tsiyaye.

"Sake aunawa, ɗan nema," in ji ta. "Wanga ƙarfe naka ruwa shika aunawa. Ma'aikaci ba ruwa ya zo ci ba."

Allurar sikelin ta ja baya.

Yau na tsiyaye nawa, na sake aunawa, sai da aka ƙara ludayi guda kafin ya kai nauyin da likita ya rubuta. Ashe da rabin ciki zan riƙa shan magani.

Allah ya jiƙan Inna, ya cika mizaninta da abin da babu ruwa a ciki.